Za a tashi rumfar mai shayinmu, abokaina kuma ko a jikinsu

Kawu, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗan Garwa ne, ina shekarar ƙarshe ta lisans, wato digiri na farko, a Jami'ar Ngaundere da ke Kamaru. Bayan minisitenmu, wato gidan hayar ɗalibai, a Dang inda jami'ar take, akwai rumfar wani dattijo mai shayi, nan muke taruwa mu wajen goma, 'yan Garwa da 'yan Marwa da 'yan Chadi uku. Nan muke karyawa, nan muke bitar karatu da musun ƙwallo, ranar da aljihu ya bushe kuma Baba ya rubuta a littafi. Wanda ya fara kai ni wurin wani babba ne da muke kira Hamma. Shi ya tsince ni a tasha ban san kowa ba, na yi wata biyu a ɗakinsa, ya yi mini jagora har na san kan makaranta. Yanzu mai filin ya ce Baba ya tashi kafin Oktoba, ɗakunan haya zai gina. Na ce mu taru mu je mu tsaya masa a kai, abokaina suka yi dariya, kowa ta tafiyarsa yake yi. Hamma kuwa tun da ya shiga karatun dakta aka fara ba shi aji ya daina zama da mu, in na tura saƙo sai bayan kwana biyu ya amsa da kalma ɗaya. Na ji haushi har na daina gaishe shi. Mahaifina yana so in dawo in kama masa shago, ni kuma ina tunanin yin rajistar masta don in ci gaba da zama a Dang. Kawu, ni kaɗai ne abin nan ya dama?

Ɗanka, daga Dang.

Ɗana, rumfar nan tashi za ta yi. Na fara da wannan ne don kada 'yan makonnin da suka rage maka su ƙare a kokawa da abin da ba ka da iko a kansa, alhali ga waɗanda ke hannunka sun taru suna jiranka.

Dang ƙauye ne kafin makaranta ta same shi. A 1982 cibiyar karatun ta fara aiki, a 1993 ta zama cikakkiyar jami'a, tun daga nan kuma duk wani taku na ƙasa da ke kusa da ƙofar makaranta ya zama kuɗi. Cikin gari na da nisan wajen kilomita 15, ba kowane ɗalibi ne zai iya biyan mota safe da yamma ba, ɗakunan kwanan jami'a ba su ɗauki kowa ba, ga kuma 'yan Chadi da 'yan kudu na ƙaruwa. Mai filin ya ɗora ɗan abin da Baba ke ba shi a wata, in ma yana ba shi, a gefe guda, ya ɗora hayar jerin ɗakuna a ɗaya gefen. Kai ma da naka ne ka san inda za ka karkata. Ku ɗin nan da kuka cika wa Baba benci, yawanku ne ya sa filin ya yi tsada har ya fi ƙarfinsa. A dokar filaye ta Kamaru, wadda ke aiki tun 1974, takardar mallaka ita ce hujja, da wuya kuma in abin da ke hannun Baba ya wuce "zauna nan kafin in buƙaci wurin".

To in kun yi gayya kun je ƙofar mutum kuna ɗaga murya, me zai biyo baya? Ransa ya ɓaci, wa'adin wata biyu ya koma na mako ɗaya. Ku kuma ku ɗaure jakunkunanku ku hau mota, ku bar dattijo da gaba a garin da zai ci gaba da neman abincinsa. In ana son a nema masa sassauci, mutum biyu masu sanyin baki sun isa, su rako jauro, wato mai unguwa, ko limamin masallacin da mai filin yake salla. Abin roƙo bai wuce biyu ba: a ƙara wa Baba lokaci har ya sami wani gurbin, in kuma da hali a bar masa ɗan lungu a bakin ƙofar sabon ginin, tunda masu hayar ma za su nemi shayi da safe.

Amma kafin wannan duka, akwai abin da na nema a takardarka na rasa. Ka gaya mini abin da mai fili ya ce, da abin da abokanka suka yi, da yadda Hamma ke amsa saƙo. Ba ka gaya mini abin da Baba ya ce ba. Ka tambaye shi kuwa? Mutumin da ya yi shekaru yana tashi kafin asuba yana hura gawayi cikin hazon Dang, wataƙila ya daɗe yana neman dalilin komawa garinsu ya huta. Wataƙila kuma ya riga ya hango wani wurin kusa da tasha, kuɗin kwano da katako ne kawai suka tsaya masa. Kuna ta jimamin rumfa, mai rumfar kuma ba wanda ya ja gefe ya ce, Baba, yaya za a yi?

Sai maganar littafi, wanda ka ambata a gurguje ka wuce. Ni kuwa nan zan tsaya. Na san irinsa: kaye, littafin rubutu na 'yan firamare, bangonsa ya yi laushi da mai da zufar hannu, kowane shafi da laƙabi a samansa domin Baba bai san sunan da ke kan katin ɗalibin kowa ba. Wannan Dogo, wancan Mai Tabarau, na gaba Ɗan Mundu. A ƙarƙashi kuma an jera su, dala ashirin, dala talatin, rabin burodi da ƙwai, wasu an soke su da biro, da yawa ba a soke ba. In ka buɗe baya za ka ga shafukan waɗanda suka gama shekara uku ko huɗu da suka wuce, wasunsu yau albashi suke ɗauka. Sukarin da ya zuba muku, da madarar gwangwani, da ganyen shayin, shi ma bashi ya ɗauko su a kanti. Duk ɗalibin da ya tafi da dala ɗari biyu a wuyansa yana ganin ai ba wani abu ba ne. A hannun Baba kuwa suke haɗuwa su zama jarinsa gaba ɗaya.

Saboda haka ka zaɓi lokacin da ba jama'a, bayan la'asar kafin ya ɗora tukunyar dare, ka ce ya buɗe maka shafinka. Ka biya naka tukuna, kafin ka yi wa kowa magana, don bakinka ya yi ƙarfi. Sannan ka bi abokanka ɗaya bayan ɗaya, a keɓe, kada ka karanto bashin kowa a gaban mutane. Waɗanda suka riga suka tafi a nemi lambobinsu, ga Orange Money ga MTN, babu mai uzurin nisa. Baba zai ce ku bar shi, Allah ya sa albarka. Kada ku karɓi wannan a karon farko, kara ce irin ta dattawa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, ɗalibin da ke da kuɗin sayen data kuwa yana da halin biyan shayin da ya sha. In an rufe littafi, sai a yi karo-karo na daban don ƙaura. Ranar da za a kwance rumfar kuma ku kasance a wurin da hannuwanku, ku cire kwanon, ku ɗora bencina a baro, ku raka shi inda zai koma. Sallamar da ta dace da wurin ke nan, ta fi a yanka kaji a ɗauki hotuna, ko da yake in kun yi wannan ɗin daga baya ban hana ku ba.

Ka tambaya ko kai kaɗai abin ya dama. A'a. Dariyar samari ba ta nuna abin da ke ciki. Mai shirin tafiya Marwa ya zauna konkur, jarrabawar shiga makarantar horar da malamai, cikinsa ya ɗuri ruwa tun yanzu. 'Yan Chadin nan uku sun san layin da ke jiransu a Njamena, na masu takardun digiri da ke jiran a ɗauke su aikin gwamnati, wasu shekara da shekaru. Wanda ke da wannan a gabansa, in ka zo masa da maganar benci da buta, dariya ce za ta fi masa sauƙi. Ka jira daren ƙarshe ka ga wanda zai kasa tashi daga wurin.

Sai dai kuma kada in yaudare ka: ba duka goman ne abokanka ba. Wasu abokan benci ne, zama ya haɗa ku, tashi zai raba ku, ba kuma laifin kowa ba ne. Ka tuna lokacin da zazzaɓi ya kwantar da kai ka yi kwanaki ba ka leƙa rumfa ba. Wa ya ƙwanƙwasa maka ƙofa? Wa ya kwafar maka darasi? In ka ƙirga ka sami biyu ko uku, ka yi arziki.

Abin da nake ganin yana cin ka shi ne, shekara uku rumfar nan ce ke riƙe muku zumuncinku, ba ku sani ba. Ba ka taɓa sa ranar ganin kowa ba, ba ka taɓa kashe ko dala don ka je wurin aboki ba, ka fito ne kawai ka same su. Halinka ɗaya da yaron da ya tashi a gidan da akwai rijiya, bai san ruwa ɗebowa ake yi ba sai ranar da aka yi ƙaura. Daga yanzu duk wanda kake so ya zauna a rayuwarka, sai ka taka, sai ka kira, sai ka kashe. Wannan nauyin ne ka hango, shi ya sa kake son a bar rumfar inda take.

Za ku buɗe zaure a WhatsApp, na sani. Wata ɗaya zai yi yana tafasa, daga nan ya koma wurin tura gaisuwar Juma'a. Ku buɗe, amma kada ka dogara da shi. Ɗan Chadi da zarar ya haye gadar Ngeli daga Kuseri, ko ya wuce Tuboro ya nufi Mundu, layinsa na Kamaru ya mutu, sai ya koma Airtel ko Moov. Kada ka manta kuma daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 an toshe WhatsApp da Facebook a Chadi, wata 16 cur, waɗanda ba su da wata hanyar jin juna sai wannan suka yi ta ɓacewa juna. Ka karɓi lambar mahaifinsa ko ta yayarsa, ka rubuta sunan unguwarsu da masallacin da ke kusa da gidan, a takarda, ba a waya kaɗai ba. Waya ana sacewa.

Kai ne ma ka fi kowa sa'ar wuri. Babbar hanyar da ta tashi daga Ngaundere ta gangara dutse ta bi Garwa, ta wuce Marwa har Kuseri, ta ƙofar gidanku ta ratsa. Duk wanda ya sauka daga jirgin ƙasa na Yawunde zai yi arewa, sai ya keta garinku. Ka gaya musu tun yanzu cewa wanda ya wuce Garwa bai tsaya ya ci tuwo ba, kai da shi. Ka kuma sa a ranka cewa bikin aure da suna da ta'aziyyar iyaye su ne wuraren da ake gane wanda ya rage. In an yi wa ɗayansu rasuwa, saƙon waya bai wadatar ba in kana da kuɗin mota.

Yanzu Hamma. A nan kam, ɗana, ba ka kyauta ba. Mutum ya tsince ka a tasha, ya raba katifarsa da kai wata biyu, don ya yi jinkirin amsa saƙo ka ɗauke masa gaisuwa? Ko da a ce wulaƙanta ka ya yi da gangan, ai bai kai nan ba.

Ka san halin da mai karatun dakta yake ciki kuwa? Yana tsakiya ne, bai zama malami ba, ya kuma daina zama ɗalibi. A ba shi ƙananan azuzuwa ya yi musu bita, a sa shi tsaron jarrabawa, a tara masa takardu ya duba, abin da ake ba shi kuma bai taka kara ya karya ba, in ma ya zo a kan lokaci. A samansa akwai farfesan da ke duba kundinsa, wanda kalma ɗaya daga bakinsa za ta iya ƙara masa shekara. A gabansa kuma akwai jiran ɗauka aiki. Ko ɗaukar malamai 2,000 ta musamman da gwamnati ta sanar a ƙarshen 2018, ta masu dakta a hannu ce, wanda bai kare kundinsa ba sai dai ya ji a rediyo. Mutumin da ke cikin wannan, sunansa shi ne jarinsa. In aka gan shi kullum a benci yana shan shayi da ɗaliban da takardunsu ke bi ta hannunsa, ranar da ɗayanku ya ci maki mai kyau za a ce an san dalili. Kai ma maganar za ta shafe ka. Ina kyautata zaton janyewar da ya yi, rabinta don ku ne.

Zai yiwu kuma girma ya ɗan hau masa kai, ana samu. Ko da hakan ne, wata biyun nan da ka yi a ɗakinsa ba su goge ba.

Ga abin da za ka yi. Kada ka tura saƙo. Ka nemi lokacin da yake ɗaki, ka je da ƙafarka, ka riƙe ɗan wani abu a hannu, ko da bandar kifin Lagdo ce ka sa a aiko maka daga gida. Ka gaishe shi yadda ƙane ke gaida wa. Ka ce, Hamma, na yi wauta na ɗauke ƙafa, ka yafe mini. Ka tsaya nan, kada ka ɗora da "amma kai ma". Sannan ka gode masa dalla-dalla: ranar tasha, layin rajista da ya tsaya tare da kai, daren da ya zauna ya warware maka darasin da ya gagare ka. Mu Hausawa muna da nauyin baki a nan, sai mutum ya mutu muke lissafa alherinsa, alhali an hore mu cewa wanda ke ƙaunar ɗan'uwansa ya sanar da shi. Za ka ga ya kau da kai ya ce ba komai, ya shiga neman kofin da zai zuba maka ruwa. Ya ji.

Daga nan sai ku sake sabon zama, domin na da ya wuce. Ba zai ƙara zama Hamman hira har tsakar dare ba, amma abin da zai iya yi maka yanzu ya fi na da nauyi: ya san malamai, ya san fannin da ke da gaba da wanda ya cushe, zai iya sa baki a karɓe ka, zai iya karanta takardar neman aikinka. Ka koyi yadda ake tambayar mai aiki da yawa. "Hamma, ya kake, kwana biyu" saƙo ne da za a ajiye sai an sami sarari. Tambaya ɗaya tsayayya, wadda za a iya amsawa a tsaye, ita ake amsawa nan take. Ka kuma tambaye shi ko akwai abin da za ka ɗauke masa, bugun rubutu ne, ko raba takardun bincike, ko zuwa cikin gari. Shekara uku hannunsa ne a sama, ka taɓa tunanin shi wa ke tambayarsa ya yake?

Akwai kuma bashin da ba shi za ka biya ba. A Oktoba sababbin masu bak, wato waɗanda suka ci jarrabawar gama sakandare, za su sauka a tashar nan da akwati da buhun gari, suna waige-waige. A cikinsu ba za a rasa ɗan unguwarku ba. Katifarka, da rishonka, da tarin takardun darasin da ka kwafa, kada ka sayar da su a arha ranar tafiya. Ka nemi yaro ɗaya ka damƙa masa, ka nuna masa mai haya na kirki, ka kai shi sabon wurin Baba in Allah ya sa ya samu, ka ce, Baba, ga ƙanena. In ka gaya wa Hamma ka yi haka, ina jin zai fi jin daɗinsa a kan kifin.

Maganar masta ba zan ce kada ka yi ba, karatu ba abin hanawa ba ne. Dalilin da ka kawo ne bai tsaya ba. Ka ce don ka ci gaba da zama a Dang. Wace Dang? Rumfa ta tashi, abokai sun watse, Hamma ya ƙara nisa tunda yanzu ma kusan ɗalibinsa za ka zama. Za ka zauna kana wuce sabon gini kana cewa nan fa da benci ne, ƙannenka suna kallonka. Kuma ba kyauta ba ne: sefa 50,000 na rajista a shekara shi ne mafi ƙanƙanta, ga haya ga ci ga bugun kundi, shekara biyu, duk daga shagon da kake gudun komawa.

Ka gwada kanka da wannan. Wane fanni kake so ka zurfafa? Wane malami kake so ya duba aikinka? Wace tambaya ce ke damunka har kake son ka bincika ta? In kana da amsa, ka kai wa Hamma ya auna maka, ka kuma duba ko akwai fannin a Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, don ka haɗa karatu da kama wa mahaifinka. In kuwa ka zauna ka ga babu amsa, ka koma gida. Shekara ɗaya a shago ba ta rufe ƙofar masta, takardar lisans ba ta ruɓewa, kuma wanda ya dawo karatu bayan ya ɗanɗana kasuwa ya fi sanin abin da ya kawo shi.

Ko wanne ka zaɓa, kada mahaifinka ya ji shi a waya, balle a bakin wani. Garwa ba ta kai kilomita 300 daga inda kake ba. Da zarar an liƙa sakamako ka hau mota ka je ka zauna a gabansa, ka bar shi ya fara faɗin nasa tukuna.

Kawunka.